Kifin da Bai Ci Sunan Baba Ladislau Ba

Kullum kafin rana ta fito, Baba Ladislau zai kurɓi kofi, ya ƙulle garin rogo a leda, ya tura kwalekwalensa zuwa inda Kogin Xingu ke tafasa tsakanin duwatsu. Shekara talatin da takwas yana nutso yana lalubo akari, tarwadar nan mai sulke, har ruwa ya kashe masa kunnen hagu. Bana ya ajiye aiki.

Mu masu binciken kifi a jami'a, a bayansa muka koyi kogin nan. Ranar da igiyar ruwa ta kifar da mu, shi ya tsamo abokiyar aikina, Dakta Irineia, sannan ya koma ya kwaso kwalaben da muke adana kifi a ciki.

Wata rana ya miƙo mini wani akari mai ɗigon rawaya. Ya ce, "Dakta, wannan daban ne. Ba ya shiga rami ɗaya da sauran."

Na yi dariya. "Baba, launi ne kawai. Riƙe ruwanka, ka bar mana ilimi."

"To, mai ilimi. Ku dai tafi da shi."

Bayan shekara shida gwaji ya tabbatar sabon jinsi ne, ba wanda ya taɓa rubuta shi. Muka raɗa masa sunan shugaban sashenmu, wanda ko ƙafa bai taɓa tsomawa a Xingu ba.

Na kai wa Baba takardar binciken da muka wallafa har gida. Ya daɗe yana kallon hoton kifin.

"Mace kuka ɗauka, ai namijin ya fi kyau." Sai ya turo mini. "Ɗana, ban iya karatu ba. Ɗora mini yatsa inda nake."

Na buɗe shafin ƙarshe. "Wani masunci," iyakar abin da muka rubuta ke nan. Na karanta masa. Sai ya ce wa matarsa, "Ozanira, ƙara wa baƙo kifi."

A ƙa'idarmu, sunan da aka raɗa ba ya goguwa. Baba, kai ne idonmu a ƙarƙashin ruwa, malamin da ba a ba shi kujera ba. Mun gode, ka kuma yafe mana.

Ku masu tasowa, ku koyi lura irin tasa da haƙuri irin nasa. Duk wanda ya miƙo muku kifi, ku tambayi cikakken sunansa kafin ku buɗe kwalba. Na Baba shi ne Ladislau Monteiro Xavier.