Farin garin da na aika wa Inna

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na gano inda maganin Inna ya tafi ba.

Lokacin ina koyarwa a Gusau, ita kuwa mahaifiyar tawa tana Karakkai da ciwon gwiwa da ya hana ta sujada, sai salla a zaune. Abin na cin ranta, ni ma yana cin nawa. Wata abokiyar aikina ta nuna mini tallar wani farin gari a waya, wai ƙasa ce ta musamman mai sinadarin silika, tana gyara ƙashi da gaɓoɓi, har gashi da farce. Ni da nake taƙamar boko, ko tambaya ban yi ba! Na saya a Sabon Gari, na ba direba ya kai mata, da saƙon ta riƙa dama cokali ɗaya a ruwa kowace safiya. Ashe saƙon a tasha ya kwana, garin kaɗai ya isa.

Duk na kira sai in ce, "Inna, ya garin nan?"

"Shina aiki, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

Don murna har na bar ranar da asibiti suka ba mu ta wuce. Kai, wauta dai na yi ta.

Bayan wata biyu na je gida, na tarar da ita kan tabarma, gwiwa ta kumbura suntum.

"Inna, ba kin ce yana aiki ba?"

"Shina yi mana! Buɗe buhun can ki gani, ko ƙwaro guda babu."

Na buɗe. Wake ne, fari fat da garina. Ashe Baba na ganinsa ya ce ai irinsa malaman gona suka taɓa nuna musu na kashe ƙwarin hatsi. Ita kuwa duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta faɗa mata cewa ɗiyarta na birni amma ba ta manta da wakenta ba.

Na zauna daɓas ina dariya, dariyar ta koma kuka. Ta jawo kaina kan cinyarta mai lafiyar tana cewa, "Haba uwata, ai ba ki taɓa tambayata ƙafa ba. Gari kike tambaya."

Wallahi maganar ta soke ni. Washegari na kai ta Gusau. Likita ya ce bai san wata hujja da ta nuna garin yana gyara gwiwa ba, kuma jinkirin ya ƙara ɓata ta. An yi magani, kumburin ya sauka, amma har ta rasu a zaune take salla.

Abin da na koya ke nan: wata biyu cur ina tambayar lafiyar kyautata, ban tambayi lafiyar uwata ba.