Cire Takalminka Ka Taɓa

Yatsu biyu na hannun daman Gwaggo Wankau a lanƙwashe suke kamar ƙugiya, kuma wutar lantarki ce ta yi mata haka. Tana da goyon fari lokacin, waya ta tsinke ta faɗo tsakar gida, mijinta sarkin sani ya leƙo ta taga ya ce, "Sa sanda ki ture mana, ai itace ba ya jan wuta." Ita kuma ta zaro sandar da take juya kaya a ruwan sabulu, jiƙe sharkaf. Sai a asibiti ta farka. Shi ko ƙwarzane bai yi ba.

Tun daga nan ta zama jaraba. Duk mai gyaran wutar da ya shigo layin sai ta tsare shi da tambaya har ya gudu. A haka ta gane wuta ba aljani ba ce, hanya kawai take nema ta shige ƙasa. Ƙarfe titi ne a wurinta, balle jan ƙarfen cikin waya, don akwai wasu mitsi-mitsin abubuwa a cikinsa da ke yawo sakaka, da an ingiza su sai gudu. Na roba da busasshen katako a ɗaure suke tamau. Ruwan sabulu kuwa hanya ne, jikin mutum ma haka, tunda ruwa da gishiri ne cike da shi.

Da wanki ta raini 'ya'yanta, a ɗaki ɗaya na gidan haya, kusa da famfo. Kwastomominta duk 'yan layin ne. Ana nan sai mai gidan, wani ƙaton ɗan kasuwa, ya gaji da igiyar shanya tana tsinkewa, ya sa waya ta ƙarfe. Ya rasa inda zai ɗaure ta sai ƙarfen tagar da wayar mita ta bi, ga wayar mitar ta goge har jan ƙarfen cikinta yana leƙowa.

Ran farko da Gwaggo ta ɗora jiƙaƙƙen zanin gado ta ji tsut har haƙori. Maƙwabciyarta matar tela ma ta ji, ta yi dariya wai sanyi ne. Ga yara suna tsere ƙafa ba takalmi a cikin ruwan wanki.

Aka kira mai gida. Ya zo da takalminsa mai kaurin roba, ya kama wayar da busasshen hannu, har da girgiza ta.

"Ina wutar? Ke dai tsufa ne ya fara ja miki."

"Tsufa ya ja uwar wani! Cire takalminka, ka tsaya nan cikin ruwan, ka taɓa."

"Ni za ki sa na tuɓe takalmi a gidana?"

"Au, wando na ce? Takalmi fa! Robar ƙafarka ce ta tare hanya, mu da muke cikin ruwa mu ne hanyar."

Ya kalli ruwan, ya kalli matan da suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Wallahi bai cire ba. Sai cewa ya yi duk wadda ta taɓa masa waya ta tattara kayanta ƙarshen wata.

Gwaggo ta juya tana jiran ko mace ɗaya ta ce ita ma ta ji. Matar tela ta sunkuyar da kai tana tsince gashin tsintsiya. Uwar 'yan biyu ta shige ɗaki wai tukunya na ƙonewa. Munafukai!

Ta san in ta bar ɗakin nan kwastomomi sun tafi ke nan. Ta goge hannunta tas, ta zura silifa, ta taka busasshen benci, ta ɗauko filaya mai hannun roba ta datse wayar shanyar daga jikin taga a gaban idonsa. Kaya suka zube a ƙasa.

Ƙarshen wata ta tashi. Yanzu tana can bayan gari wajen 'yarta, wanki sai jefi-jefi, wani makon ma babu. Gidan an mayar da igiyar leda, yara suna lilo da ita. Matar tela ta aiko mata da gaisuwa, Gwaggo ta ce a mayar mata da abarta.