Sautun Unguwa a Bursa

Duk wanda ya ce na je Turkiyya na huta, bai san abin da yake faɗa ba. Har yau matan unguwarmu Hindawiyya, nan Jidda, in sun gan ni sai su ce, "Ga 'yar Bursa, an sha iska an dawo." Ban sha komai ba. Dako na je yi. Bambancina da mai tura baro a kasuwar Balad, shi ana sallamarsa in ya sauke kaya, ni kuwa ni na saya wa kaina tikitin zuwa wahalar.

Shekara biyu ina zanen lalle da kitso a wani shagon gyaran mata a unguwar Safa kafin in iya wannan tafiya. Wata mata da nake yi wa lalle ce ta fara nuna min garin a wayarta: tsohon gari a gindin dutse, kan dutsen fari fat da dusar ƙanƙara, ana hawa da telfirik, akwatunan nan masu tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe, irin na Ɗa'ifa. A Jidda aka haife ni. Sanyin da na sani duk na na'ura ne. Tun ranar na sa a raina sai na damƙi ƙanƙarar nan a hannuna, abin da nake so ke nan, ba wani abu ba. Mai shagon ta ba ni kwana biyar da ƙyar, iƙamata, wato takardar zamana, tana da sauran rai, ga abokiyar aikina ita ma za ta. Kwana ɗaya na hanya ne, saura huɗu.

Mutum ɗaya na faɗa wa, Ummata. Na ce, "Umma, don Allah ki bar shi tsakaninmu."

Ta ce, "Wa zan faɗa wa? Ni ina nake zuwa?"

Washegari ta je gaisuwar mutuwa a Ammariyya. Kafin la'asar an fara buga mana ƙofa.

Wanda bai zauna a cikinmu ba ba zai gane sautu ba. In za ka yi tafiya, tafiyar ba taka ba ce kai kaɗai. Kowa zai kawo abin da yake so ka sayo masa, ya ɗora maka, ya bi ka da addu'a, kuma addu'ar ce ke ɗaure ka. Wata ta kawo hoton labule da ta ɗauka daga talabijin, rabinsa kan wani mutum ya rufe. Wata tsohuwa ta taka kwali aka zana ƙafarta da biro, tana son takalmin cikin gida mai gashi, a garin da ko safa ba ma sawa. Tawul kuwa kowa na so, don an ce tawul ɗin Bursa ba ya mutuwa. Na tsaya a tsakar ɗaki ina cewa, "Ni fa yawo zan je," suna dariya kamar na yi barkwanci.

Ƙarshe Gwaggo ta zo, yayar mahaifina, wadda ba a yi mata musu. Ta zauna, ta sha shayi, sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani ƙyalle kamar ɗan yatsa, wanda ta yanko daga cikin kalmasar rigar da za ta sa a bikin jikarta.

"Gyale na siliki nake so, kalar wannan. Ba koren ganye ba, ba koren tuta ba. Wannan."

"Gwaggo, akwai irinsa a Balad."

"Na Balad na 'yan Balad ne. Ke dai riƙe."

Da suka watse na ce wa Umma ba zan ɗauki ko ɗaya ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe kabad ɗin kicin ta nuna min robobinta: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kanwa. Ta ce, "Wannan wa ya kawo? Wannan fa?" Umma ta shigo ƙasar nan tun kafin a haife ni, takardunta ba na mai fita ya dawo ba ne, ko filin jirgi ba ta taɓa komawa ba. Duk miyar da na sha a rayuwata a jakar wani ta zo daga Kano. Ta ce, "Yau ne karon farko da wani daga ɗakin nan zai ɗauko wa mutane abu. Kada ki kunyata ni." Na kwashe tarkacen na zuba a jaka.

Abokiyar tafiyata ba ta da wannan matsala. Su a Safa suke, hawa na huɗu, ko sunan maƙwabcinsu ba su sani ba. Jakar goyo ɗaya ta ɗauko. Da ta ga takardar da na rubuta saƙonnin a kai, gaba da baya, sai ta ce, "Ya shekha, ke kamfani ce?"

Garin yana da kyau, ba zan ci amanarsa ba. Daga tagar masaukinmu ana ganin dutsen, kullum da safe yana nan fari yana kallona. Titunan tsohon garin na dutse ne, hawa da gangara, ko'ina ƙamshin gurasa da gasasshen abu. Muka shirya cewa zan gama sautu a kwana biyu, na uku mu zaga gari, na huɗu mu hau dutse.

Kwana biyu ba su isa ba. Kasuwar rufaffiya ce, lungu cikin lungu, kana fita daga layin masu tawul ka faɗa na masu zinariya, ka juyo ka rasa ta inda ka shigo. Ba na jin yarensu, su kuma Larabcinsu na ciniki ne kawai. Na yi ta ɗora takalma a kan kwalin tsohuwar nan, masu shago suna taruwa suna kallo. Kowane abu kuma sai na kira mai shi a bidiyo ta gani da idonta. "Matso da shi. A'a, na bayansa. Juya. Shafa min in ji." Yaya zan shafa miki ki ji? Mai labule ta sa na zaga shago bakwai, daga baya ta ce in bari, mijinta ya ce ba yanzu ba.

Babban masallacinsu yana nan a bakin kasuwar, mai ƙubbobi da yawa, da wurin alwala a tsakiyar cikinsa, ruwa na zuba, haske na saukowa daga sama, bango duk manyan rubutun Larabci. Na shiga sau ɗaya, na yi azahar da ledoji shida a gefena. Ina sallamewa waya ta fara ruri a cikin jaka. Abincin da ake ta yabo, naman nan da ake yankawa siriri a shimfiɗa kan gurasa, a zuba miyar tumatir da kindirmo, a kawo man shanu yana tafasa a kwarara a gabanka, na ci shi da hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana riƙe da waya, wata tana tambayata ko tawul ɗin yana da ruwan hoda mai duhu. Kafin in gama da ita man ya daskare.

Gyalen Gwaggo na bari sai rana ta uku. Akwai wani tsohon gini na 'yan siliki, bene ne zagaye da fili, a tsakiya mutane na shan shayi a ƙarƙashin bishiyoyi. Na sami wani dattijo a sama, mai haƙuri, ya karɓi ƙyallen ya fita da shi bakin baranda inda rana take, ya yi ta jera gyale a hannunsa har ya sami wanda in ka ɗora ƙyallen a kai sai ya ɓace. Ni mai haɗa kalar lalle ce, na san abin da na gani. Na saya, na ɗauki hoto na tura wa Gwaggo, na ce alhamdu lillahi, halas.

Ranar ta huɗu na tashi tun asuba. Na sa rigar sanyin da na aro, na sa safa biyu. Muna shan shayi a ƙasa wayar Umma ta shigo.

"Gwaggonki tana nan."

"Da sassafen nan?"

"Ta ce kalar ba ita ba ce. Ta ce wannan ya yi ruwan gansakuka."

"Umma, hoto ne. Waya ce ke canza shi. Na ɗora ƙyallen a kai da hannuna."

Sai na ji muryar Gwaggo daga baya, ba da ni take ba, da Umma take, amma don in ji. "Bar ta. Ai na san ba a aiken 'ya'yan yanzu. Lokacin da na ɗauko miki buhun gero tun daga Kano a kan cinyata, ban ce miki ina da wurin zuwa ba."

Umma ta yi ƙasa da murya. "'Yar nan, ki rufa min asiri. Canzawa kawai za ki yi, minti nawa ne?"

Abokiyata tana jin komai. Ta ce, "Kashe wayar. Yalla, mu tafi. In kin koma ki ce babu sabis."

Na so in yi hakan, wallahi na so. Amma na san ba ni za a zauna a kai ba. Ni zan koma shago in yi ta kitsona, Umma ce za ta shiga kowane gidan suna da na gaisuwa a ce ga wadda 'yarta ta fi ƙarfin aike. Na ce wa abokiyata ta yi gaba, zan same ta a sama kafin azahar.

Dattijon bai buɗe shago ba sai da hantsi ya yi sosai. Na zauna a matakala ina jira, cikin safa biyu. Da ya zo bai yi fushi ba, ya kawo min shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ya sake sauko da korayen gyalensa duka. Na kira Gwaggo. Ba ta ɗauka ba. Na sake kira. Na kira Umma, ta ce ai ta tafi asibiti awon sukari, in ɗan jira ta fito. Na jira. Shayi na uku na sha kafin ta kira, fuskarta cike da allon, tana taunar wani abu.

"Ɗaga wancan. A'a. Wancan na ƙarshe. Kai shi haske. To, shi."

Wanda ta zaɓa ko kusa bai yi kama da ƙyallen ba. Dattijon ya dube ni, ya dubi ƙyallen, ya ɗaga kafaɗa. Na ce ya naɗe.

Na ɗauki tasi zuwa tashar telfirik. Tun daga nesa na ga akwatunan a rataye ba sa motsi. Iska ta taso a saman dutsen, an dakatar da hawa, sai waɗanda ke sama ake saukowa da su ta mota. Mai gadin ya nuna min sama, ya kaɗa hannu, ya ce gobe. Gobe ina jirgi. Na tambayi mai tasi ko zai kai ni ta hanya, ya nuna tayoyinsa ya girgiza kai. Na tsaya a wurin da ledar gyale a hannu, ga dutsen a gabana kamar in miƙa hannu. Ban yi kuka ba. Na zagi duk wanda na sani a zuci, har da kaina.

Abokiyata ta dawo da yamma hancinta ja, takalmanta a jiƙe. Ta ajiye wayarta a kife. Daga baya ta sa hotunan a shafinta, shi ne mutanen unguwa suka gani suka ce mun sha ƙanƙara.

A filin jirgi kayana suka wuce kilo. Ba zan iya cire na kowa ba, sai na cire nawa. Abu ɗaya na saya wa kaina a garin, kwalin wasu 'ya'yan itace da suke dafawa cikin sukari har su yi laushi kamar dabino. Na tsaya gefen ma'auni na ci abin da zan iya, sauran na miƙa wa wata mai shara.

Kwana biyu ana zuwa karɓar kaya a ɗakinmu. Tsohuwa ta ce takalmin ya matse ta a yatsa. Mai tawul ta ce ta ɗauka zai fi haka girma. Gwaggo ta zo ta warware gyalenta a bakin taga, ta ce in ba ta ƙyallen, ta ɗora. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce in nuna mata hoton na farkon.

"Ai wancan ya fi dacewa. Ke da kike wurin, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Na ce, "Gwaggo, na faɗa. Kunnenki ne yake Kano."

Umma ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi baƙi. Gwaggo ta naɗe gyalenta ta fita ba sallama, kuma shi ta yafa a bikin, ina gani.

Da ɗakin ya yi shiru Umma ta zauna tana ninke ledojin da aka bari, don ba ta yar da leda. Fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka an daɗe. Ta ce, "Kowa ya samu nasa. Kin fitar da ni." Can kuma ta ce, "To ƙanƙarar fa, yaya take a hannu?"

Na ce, "Ban hau ba, Umma. Ina wurin gyale."

Ta tsaya da ninkin. Na jira ta ce wani abu. Abin da ta ce shi ne, "Allah ya sa da rabon wani lokaci," ta ci gaba da ledarta.

Ba na jin haushinta kamar yadda nake jin na sauran, amma na gane bakinta ba zai iya riƙe irin wannan labari ba, don shi kaɗai ne abin da take da shi na nunawa. Na riga na yi magana da mai shagonmu, sanyi mai zuwa zan koma, kwana uku, da jakar goyo. Umma za ta ji daga bakina, amma sai jirgi ya sauka da ni a can.