Takardar da Mai Agogo Ya Ba Ƙanensa

Shekara talatin Mai Agogo yana gyara a bakin tasha, hannunsa bai taɓa rawa ba. Ciwon kumburin jijiyoyin jini ya daɗe da tsuke masa hanyoyin jinin hannuwa, ko ka danna wuyan hannunsa ba ka jin bugu. Shi da kansa yake tsokana, wai agogo ɗaya ke nan da ya gagare shi gyara.

Likitarsa ta ba shi takarda, ta ja masa kunne: duk mai taɓa shi ya auna jininsa a ƙafa, don na hannu ƙarya yake yi, allurar kashe zafi kuma a zaɓi wadda ba ta tayar da jini.

Sai haƙori ya sako shi gaba. Wuraren cire haƙori biyu suka karanta takardar suka ce ya nufi babban asibiti, can kuma layin wata biyu ne. A na ukun kumatu ya kumbura, magana ta gagara, ya miƙa takardar ga ƙanensa, wanda ya yi rainonsa tun yana rarrafe, ya koya masa sana'a. Yana kan kujera ya yi masa nuni da ido, ƙanen ya gyaɗa kai, alamar ya bayar.

Aka auna a hannu, aka ce lafiya lau, aka yi allura. Kafin a cire haƙorin kai ya sara, ido ya yi duhu. Ya tashi dai, amma hannun dama bai dawo daidai ba. Wata uku yana tsine wa likitan haƙori, bawan Allah!

Ranar da ya koma rumfa, ya ja aljihun tebur neman hantsaki, sai ga takardar a ninke ƙarƙashin batura.

Ƙanen bai musa ba. "Yaya, kwana tara ba ka ci ba. Da sun gani, da sun sake korar mu."

"Da ka faɗa min, ai da ni zan zaɓa. Hannuna ne."

Wallahi ba hannun ya fi ci masa rai ba, gyaɗa kan nan ne. Yanzu ƙanen ke gyara, shi yana gefe yana karɓar agogunan mutane da hagu. Takardar tana aljihun gabansa. Ran asibiti ƙanen kan miƙe ya ɗauko makullin babur, shi kuwa sai ya ce ya zauna, ya tafi shi kaɗai.