Illo da Tagogin Injin Maikuɗi

Bangon falanki ne kawai ya raba shagon ɗinkina da shagon buga takardu na Alhaji Maikuɗi a Yelwa, don haka abin da zan faɗa a kan Illo ba ji na yi a bakin wani ba. Na yi shekaru ina sauraren yatsunsa ta cikin katako, kuma har yau in na tuna yadda aka yi da shi sai raina ya ɓaci.

An haife shi a wani tsibiri da ruwan Kainji ya haɗiye tun yana yaro, aka kwashe su zuwa sabon ƙauye kusa da Wara. Ubansa manomin albasa ne, uwarsa 'yar masunta. Shi kaɗai ya gama firamare a gidansu, ya koyi tafireta a hannun wani akawun coci, ya zo Yelwa yana buga wa mutane takardu a gindin darbejiya. Dogon wuya gare shi, ga son gayu, biro uku a aljihu ko da ba zai rubuta komai ba.

Da aka ba mu jihar Kebbi, kowa ya tashi neman takarda: mai neman aiki, mai neman shaidar ɗan ƙasa, mai ƙarar maƙwabci a kan fadama. Maikuɗi, wanda hancinsa ba ya kuskuren ƙanshin riba, ya sayi kwamfuta ya ɗauki Illo. Tun a lokacin tsohuwa ce. 'Ya'yan wani Bature mai binciken kifi ne suka gama wasa da ita a gida kafin uban ya sayar. Fuskarta baƙa, haruffa kore, ba ta yin komai sai ka buga mata umarni. Illo ya haddace umarnin kaf, ya zama ko kallonta ba ya yi.

Mutane sun ɗauka iyayi ne. Masunta da manoma dama da baki suke faɗin buƙatarsu, shi ya juya ta Turanci. In malamin makaranta ya kawo rubutu a takarda, sai Illo ya ɗaga kai sama ya ce, "Karanto, malam, hannuna ba shi jiran ido." Gaskiyar maganar ita ce ƙudan bakin kogi da ya cije shi yana yaro bai manta da shi ba. Idon yana tafiya a hankali, har ya rage masa haske da duhu da inuwar mutum.

Ni na gane ne ranar da ya shigo shagona ya tsaya ya gaida wata babbar riga da na rataye, har da tambayarta iyali. Da bai ji amsa ba ya miƙa hannu ya taɓa ta. Sai ya ce, "Dudu, ɗiyana na makaranta. In Alhaji ya ji, na ƙare." Na ce masa ban ga komai ba, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Wajen shekara biyar da samun jiha, Maikuɗi ya je Kaduna ya ga kwamfuta mai tagogi, wadda ake buɗe aiki a cikinta ta hanyar nuna ƙananan hotuna da kibiya, ana tura wani abu mai wutsiya a kan tebur da suke kira ɓera. Ya dawo da ɓeran da ƙullin faifai a ɗaure da roba, ya ce lallai injinsa ma sai ya yi tagogi, don shagon bakin tasha ya fara buga katin biki mai furanni.

Illo ya yi ta kawo dalilai. Injin ya tsufa, cikinsa ƙarami ne, zai yi nauyi. Duk gaskiya ne, amma Maikuɗi ya ce, "Ai kai aka ce ma gwani. Ko ba ka iyawa in nemo yaro?"

Da hannunsa Illo ya yi aikin, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Wuri bai isa ba a cikin injin, sai da ya goge tsohon tsarin rubutun da ya haddace. Ya riƙa zura faifai yana kasa kunne, in gurnanin injin ya tsaya ya zare ya sa na gaba, yadda mai sayarwa ya jera su. Ana tsakiya aka ɗauke wuta, ya sake daga farko da janareto. Da la'asar injin ya mutu ya farfaɗo, fuskar nan baƙa ta koma fara fat. Maikuɗi na ta murna yana kiran mutane su zo su ga kibiya na yawo. Illo ya gaya mini daga baya cewa shi abin da ya gani kamar tafki ne da tsakar rana, ba kibiya ba hoto.

Amma bai sallama ba. Ya gano cewa in ya tura ɓeran can sama ta hagu, kibiyar takan maƙale a kusurwa. Daga nan sai ya auna da faɗin yatsu, ya jawo ƙasa kaɗan, dama kaɗan, ya danna. Ya roƙe ni alli da allura, na riƙa duba masa inda kibiyar ta tsaya, yana karce tebur daidai wurin da yatsansa zai ji. Injin kan yi nishi kafin taga ta buɗe, shi kuma ya cika jiran da hira. Ya ci damina guda a haka ba wanda ya sani.

Sai Ɗangana. Ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, mai jirgin inji da ke jigilar mutane tsakanin Wara da Yelwa ran kasuwa. Kowa ya san tsakanin taubasai ba a fushi: ya zage ka, ya ɗauke maka hula a gaban surukai, dariya ce taka. Akwai masu yin wasan da ƙauna. Ɗangana irin waɗanda ke fakewa da shi ne su yi abin da ke ransu, kuma tun suna yara yake jin haushin biron nan uku.

Ban san yadda ya yi zargin cewa idon Illo ya tafi ba. Ran wata kasuwa shagon ya cika, Illo ya fita kama ruwa, Ɗangana ya ɗauki farar takarda ya shafa mata koko ya manne ta a fuskar injin, ta rufe ta ruf. Ya ɗora yatsa a leɓe, mutane suka yi tsit. Shirun ne ya sa na leƙo, amma kafin in zagayo Illo ya riga ya zauna.

Haske na ratsa takardar, fari dai fari. Ya tura ɓera kusurwa, ya auna, ya danna, ya buga wa wani manomin Shanga takardarsa ta neman taki. Da ya gama, ya matso da fuska kamar mai dubawa, ya nuna da yatsa ya ce, "Dibi sunanka nan, baba, ya hito da kyau."

Dariyar da aka yi har masu kabu-kabu sun tsaya. Ɗangana na riƙe da ciki yana cewa, "Mi kag gani, akawu? Karanto muna mu ji." Illo ya kai hannu ya taɓa takarda da danshin koko. Ya miƙe ya kai mari inda ya ji muryar, ya sami kafaɗar manomin.

Takardar takin ta fito daidai, ba kuskure ko ɗaya. Manomin ya ƙi karɓa, ya ce ba ya kai rubutun makaho Birnin Kebbi. Maikuɗi kuwa bai ko ɗaga murya ba. Ya ce ashe shekara da shekaru amanarsa ake ci, ya karɓi makullin shago a gaban kowa.

Dangi suka zauna a kan maganar, kuma hukuncinsu bai ba kowa mamaki ba sai ni. Ɗangana wasa ya yi. Illo ne ya ɗaga wa taubashi hannu, shi zai ba da haƙuri. Matarsa Zuliha ta cire yaran daga makaranta, ta ɗaure kayansu, don ba mai ba makaho aiki a Yelwa, gida kuma sai ta ruwa.

Na raka su bakin jirgi. Na Ɗangana ne kaɗai mai zuwa ƙauyensu ranar. Dattawa biyu na tsaye suna jira, Illo ya ba da haƙurin da aka ce ya bayar, kansa a ƙasa. Ɗangana ya ce ya yafe, ya kama masa hannu ya tsallakar da shi cikin jirgin, yana sanar da fasinjoji su matsa ga akawu. Ya zaunar da shi a kan kwandon busasshen kifi. Ina ji Illo ya ce masa ya gode.