Luguden da Ban Samu Ba

Ƙarar da na fara ji bayan an kwance mini kunne ta taɓarya ce, daga wani gida bayan asibiti. Sai da na nemi wurin zama.

Ka san lugude? Mata uku kan turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, har da tafi a tsakani. A gidanmu, can wajen Allakaye, inna ce gwanarsa. Idan kaka ta yi, aka cika rumbu, ita da ƙannenta biyu sukan kama tun hantsi, ƙaiƙayi na tashi, kaji na rububi. Ba ni da wani buri a lokacin da ya wuce in zama ɗaya daga cikinsu.

Sai dai kowace damina kunnuwana ruwa suke yi. Kakata takan narka man shanu, ta ɗiga mini da gashin kaza, ta toshe da auduga. Da ƙauna ta yi, ba na riƙe ta da komai. Ruwan ya tsaya, jin ma ya bi shi. Lugude kuwa da kunne ake yinsa. Ranar da aka gwada ni, taɓaryata ta haɗu da ta gwaggo, ɗaya daga ƙannen inna, saura kaɗan ta fasa mata baki.

Inna ta ce, “Aje taɓaryag ga, ɗiyata, sai kin warke.”

Na yi kuka har na gaji. Warkewar nan sai da na aurar da ɗiyar fari ta zo. Likita a Yamai ya ce ƙananan ƙasusuwan cikin kunne ne ciwo ya cinye, ya sa mini wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙwayar dawa ba.

Da na koma gida, injin niƙa ne ke ruri a bakin kasuwa, 'yan mata sun jera kwanoni. Turminmu yana kife, akuya kwance a gindinsa. Gwaggo ta rasu, ɗayar tana Madawa wajen ɗanta.

Na roƙi inna mu yi lugude. Ta sa aka tayar da turmin, ta zuba hatsi tafi ɗaya. Muka ɗaga tare. Sau huɗu ta sauke, kafaɗa ta ƙi, ta zauna tana haki.

“Kin jiya?”

Na ce na ji.

“To, abin da kinka yi ma kuka ke nan.”

Ni na ƙarasa dakan, ni kaɗai.