Ƙusoshin fiyanon Malam Lawal

Jama'a, yau ƙusa ta sa ni hawaye a Dutsin-Ma!

Kun san tsohon malamin makarantar nan, Malam Lawal, da nake tasowa daga Kurfi ina gyara masa fiyano. Katakon da tsirkiyoyi ke hawa ne ya tsage, dole sai na cire ƙananan ƙusoshin da ke jikinsa. Sun cije ƙam! Sai in ɗora wa kowace ƙarfe mai zafi, in damƙe ta da filaya, in murza a hankali har ta saki.

To, duk waɗanda na cire na tara a gwangwani, in na dawo sai in tarar sun koma ramukansu. Har na fara zargin mutanen ɓoye!

Yau na yi sammako. Ina shiga zaure na ji ƙwas-ƙwas daga ɗaki. Na leƙa. Malam ne da 'yar guduma da gam, yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya!

Na ce, "Baba, lafiya? Ina cirewa, kuna mayarwa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Sani, ni ban ma iya kaɗa shi ba. Na matata Hajiya ne, ta rasu. Yara suna Kaduna. In ka gama gyaran nan, wa zai ƙara yi mini sallama a gidan nan?"

Na ajiye filaya, na karɓi gudumar, na buga sauran da hannuna.